Lambun Malam Nomau da Ɗalibansa Uku

To jama'a, tunda an idar da la'asar kuma babu mai saurin zuwa ko'ina, ku gyara zama in ba ku wani labari. Sharaɗina ɗaya ne, kada kowa ya katse ni sai na dire. Idan na dire akwai tambaya, kuma ba wanda zai tashi sai ya faɗi nasa ra'ayin.

A garinmu Kwarin Maje akwai wani taro da muke kira Makarantar Hantsi. Ba gwamnati ce ta kafa ta ba, ba kuma wata ƙungiya daga waje ba. Mu tsofaffin ma'aikata ne muka haɗa abinmu, bayan mun ajiye aiki muka tarar yini ya yi mana tsawo. Mutum ya shekara talatin da biyar yana fita ƙarfe bakwai na safe, sai a wayi gari babu inda ake jiransa. Wasu suka koma zaman bakin titi, wasu suka koma neman iyali da faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu kuwa jikinsu ya fara mutuwa ba don komai ba sai don zaman. Sai wani tsohon hedimasta a cikinmu ya roƙo mana aron wani ɗaki da aka daina amfani da shi a bayan ofishin hakimi. Muka share, muka gyara tagogi, kowa ya kawo kujerarsa daga gida. Muna haɗuwa Talata da Alhamis da Asabar, daga hantsi zuwa azahar, maza ta wajen ƙofa, mata ta wajen taga.

Dokar makarantar ba ta da yawa. Babu mai biya, babu wanda ake biya, babu jarrabawa, babu takardar shaida. Duk wanda ya zo koyo, wata rana shi ma zai tsaya gaban allo ya koyar da abin da ya sani. Tsohon alƙali ya koya mana yadda ake rubuta wasiyya. Wani da ya yi aikin jirgin ƙasa ya koya mana gyaran famfo. Sista Saratu, wadda ta yi aikin jinya har gashinta ya yi fari, ita ke da ranar Alhamis, tana koyar da taimakon gaggawa. Ranar Talata ta waya ce, wani tsohon injiniya ke nuna mana yadda ake sarrafa waɗannan wayoyin na shafawa da 'ya'ya suke saya mana mu ajiye a aljihu.

Ranar Asabar kuwa ta Malam Nomau ce. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, siriri, shekararsa saba'in da huɗu a lokacin. Ba shi da yawan magana, amma idan aka taɓo zancen itatuwa sai an kira sallah yake tsayawa. Yakan zo da ganye da ɓawo a cikin jaka, ya ba kowa ya murza, ya shinshina, ya faɗi sunansa. Ya san wace bishiya ce ke son jigawa, wacce ke bin ruwa, wacce ke fitowa inda aka taɓa zama aka tashi.

A cikin ɗalibansa akwai mutum uku da labarin nan ya shafa.

Ta farko Hajiya Yalwa. Tafireta ta buga a sakatariyar ƙaramar hukuma tun tana budurwa har ta ajiye aiki, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse garuruwa. A duk shekarun aikinta ba a taɓa jin ta yi musu da kowa ba. Ko kuskure ta gani a takardar mai gida, gyarawa take yi shiru ta miƙa. Ga ta da tsoron jini, ko kaza ake yankawa a gidanta ɗaki take shiga. Da Sista Saratu ta fara darasinta, Hajiya Yalwa ta ce a ɗauke mata wannan ranar. Sista ta ce ai irinta ake nema. Ta daure tana zuwa, tana rubuta komai a wani littafi mai jan bango, har ta zama ita ake kira ta nuna yadda ake naɗa bandeji.

Na biyu Sufeto Barau, tsohon gandiroba. Ƙato ne, mai faɗin kafaɗa, ya girmi Hajiya Yalwa da shekara biyu. Shi da bakinsa yake cewa ya fi kowane fursuna daɗewa a gidan yari, domin su ana sakinsu, shi kuwa kullum da safe sai ya koma. Rayuwarsa duk tsakanin katanga ya yi ta, har ya ajiye aiki bai iya bambanta marke da gawo ba. Darasin Malam Nomau ya shiga ransa fiye da kowa. Yakan bi malamin har gida da tambaya.

Na uku Malam Jatau, wanda ya yi aikin gidan waya. Ya raba wasiƙu a keke, daga baya ya zauna a kanta yana buga hatimi. Ba ya ƙaunar wayar hannu ko kaɗan, yana cewa ita ta kashe musu sana'a. Ga ido ya yi rauni, ga yatsu sun yi kauri, idan ya taɓa harafi ɗaya sai biyu su fito. Abin da wasu suka koya a wata biyu, shi sai da ya kusa shekara. Ana yi masa dariya, shi ma yana yi. Amma ya nace har ya iya tura hoto, ya iya tura murya, ya kuma cika wayarsa da lambobin mutane kamar yadda ya saba haddace adireshi.

A farkon bazarar da ta wuce, Malam Nomau ya ce zai kai mu Dutsen Kurciya mu ga kirya da taura a inda Allah ya shuka su, mu kuma tsinto iri. Mu goma sha ɗaya muka tafi, ni ma ina ciki. Sista Saratu ba ta samu zuwa ba, ta tafi sunan jikarta a wani gari. Ɗan'azumi ne ya ja mu a tsohuwar bas ɗinsa, shi ma ɗan makarantar ne, tsohon direban ma'aikatar gona. Muka fita bayan asuba saboda zafi. A gindin dutsen ta gabas hanyar mota ta ƙare, Ɗan'azumi ya ce shi ƙafarsa ba za ta iya hawa ba, zai jira mu a mota. Muka bi Malam Nomau muna ratsa duwatsu, muna hutawa, muna ci gaba, tafiyar kusan awa biyu. Shi kaɗai ya san hanyar.

Mun isa wajen kiryar da hantsi. Ana cikin tsintar iri, tsakuwa ta shiga dogon takalmin Malam Nomau. Ya dafa bishiya, ya cire takalmin don ya zazzage, ya sauke ƙafarsa a kan busasshen ganye. Ashe wani maciji yana kwance a nan. Ya sare shi a saman idon sawu. Wani a cikinmu ya kai masa sanda ya kashe shi. Malam Nomau ya zauna, ya dubi macijin, ya ce, "Kububuwa ce."

Kowa a nan ya san aikin kububuwa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da shi har ya ƙare.

Malam Nomau ya ciro wata 'yar jakar fata da bai taɓa shiga daji ba tare da ita ba. A ciki akwai reza da igiya da wani garin magani da ya gada wajen mahaifinsa. Ya miƙa wa Sufeto Barau rezar ya ce, "Sufeto, ɗaure min cinya da ƙarfi, ka tsaga wajen, ka zuba wannan."

Sufeto ya miƙa hannu zai karɓa, sai Hajiya Yalwa ta riga shi. Ta karɓe rezar da igiyar, ta ƙulle su a gefen zanenta. Ta ce, "Malam, ba za a tsaga ba, ba za a ɗaure ba. Idan aka buɗe wajen nan jinin ba zai tsaya ba."

Wani dattijo ya ce, "Hajiya, ki ba shi abinsa. Mutumin nan ya shekara arba'in a daji, ke kuwa yau ne fitowarki ta farko."

Ta ce, "Ya fi ni sanin daji, Alhaji. Amma wannan an koya mana shi, kuma kana wajen."

Maza suka yi ca a kanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma mayar da rezar ba. Ta durƙusa, ta kwantar da malamin, ta sassauta masa duk abin da ya matse shi, ta sa aka karyo sanduna biyu madaidaita. Ta yage mayafinta gida uku, ta haɗa ƙafar da sandunan yadda ba za ta motsa ba, ba tare da ta matse jijiya ba. Ta hana shi miƙewa, ta ce ko taku ɗaya ba zai yi da ƙafarsa ba. Malam Nomau yana ganin mutuwa a gabansa, ga maganin ubansa an hana shi, sai ya dube ta ya ce, "Yalwa, idan na mutu a dajin nan ban yafe miki ba." Hawaye na zuba, ta ce, "Na ji, Malam." Ta ci gaba da naɗi. Tun daga nan har asibiti hannunta bai bar ƙafar nan ba. Da jini ya fara fita ta dasashinsa, ita ce take share shi da ragowar mayafin, matar da ba ta iya kallon yankan kaza.

Wannan ke nan aikin Hajiya Yalwa.

Sai maganar fita. Hanyar da muka biyo awa biyu ce ga mai lafiya, kuma akwai wuraren da sai an dafa dutse da hannu biyu. Da mara lafiya a ɗauke, za ta kai awa huɗu, ga rana tana hawa. Ban da haka, babu wanda ya tabbata zai gane ta a komawa. Aka tambayi Malam Nomau ko akwai wata hanyar, amma zafin ciwo da jiri sun hana shi magana mai ma'ana. Sufeto Barau ya hau wani ɗan tudu ya tsaya yana duba ƙasa ta yamma. Can ya hango layin itatuwa masu duhun ganye sun yi jerin gwano suna gangarawa, alhali duk sauran dajin ya bushe. Ya sauko ya ce, "Waɗancan giyayya ne da baure. Malam ya ce ba sa rabuwa da hanyar ruwa. Akwai rafi a can, kuma rafin da ya gangara yamma dole ya ratsa ƙarƙashin gadar da muka wuce da safe. Yashi ne, babu hawa." Wasu suka ce a koma ta inda aka sani, kada a je a ɓace gaba ɗaya. Ya ce shi dai nan zai bi da malaminsa.

Muka cire manyan rigunanmu, muka zura sanduna a ciki, muka yi abin ɗauka. Mutum huɗu suka kama. Amma kafin a kai rafin akwai wani matsattsen gangare tsakanin duwatsu biyu, mutum ɗaya ma sai ya karkace. Abin ɗaukar ya ƙi shiga. Sufeto ya durƙusa ya ce a ɗora masa shi a baya. Haka ya sauka da shi, Hajiya Yalwa na biye tana tallafe da ƙafar. A tsakiyar gangaren muka ji wani abu ya yi ƙara a bayansa, ya tsaya cak, gumi ya karyo masa, amma bai sauke shi ba. Da muka faɗa cikin rafin, sai ga shi kamar yadda ya faɗa, busasshe, shimfiɗe da yashi. Aka mayar da malamin kan riguna. Mu sauran muna karɓar juna, kowa ya yi ɗan taku ya gaji, domin ƙaraminmu ya haura sittin da biyar. Sufeto shi kaɗai ya riƙe gaba, sanda biyu a hannu biyu, bai ba kowa ba har gada. Cikin awa ɗaya da 'yan mintuna muka fito titi. Tun daga ranar bayansa bai koma daidai ba. Yanzu da sanda yake tafiya, kuma a zaune yake sallah.

Wannan shi ne aikin Sufeto Barau.

Amma da mun fito gada babu mota, da wahalar banza muka sha, domin Ɗan'azumi yana can gabas, dutse guda ya raba mu da shi. A nan Malam Jatau ya shigo. Tun lokacin da ake gardamar reza, shi ya ware gefe. Ya ɗauki hoton macijin, ya ɗauki hoton ƙafar, ya duba wayarsa ya ga babu sabis. Kowa ya duba tasa, babu. Ya tuna an ce musu a darasi idan haka ta faru a nemi wuri mai tudu. Mutumin da ko matakalar bene ke sa shi haki, ya kama dutse da hannu da gwiwa ya hau har ƙololuwa. A can ya samu sandar sabis ɗaya tana zuwa tana ɗaukewa. Kira ba ya shiga, sai ya tura murya da hotuna ga Sista Saratu, ya tsaya riƙe da wayar sama har suka tafi. Da Sufeto ya yi masa ihu daga ƙasa cewa ta rafi za a bi, ya yi ta gwada lambar Ɗan'azumi har sau tara kafin ta shiga, ya ce masa ya zagayo ya tsaya a gada. Bai sauko ba sai da amsar Sista ta iso, sannan ya biyo sawunmu a cikin yashi shi kaɗai, gwiwoyinsa duk sun kuje.

Amsar Sista ita ce a nemi asibitin da yake da allurar dafin maciji, kada a ɗauka kowane asibiti yana da ita. Da muka shiga mota, sabis ya dawo, Malam Jatau ya shiga kiran mutane. Ya kira wani tsohon abokin aikinsa da 'yarsa ke aiki a asibitin garinmu, aka ce masa allurar ta ƙare tun satin da ya wuce, ana jiran wata. Ya kira wani, wani ya ba shi lambar wani, har ya samu mai kula da ɗakin magani na wani babban asibiti a ƙetaren kogi. Mutumin ya duba hoton, ya ce suna da irin wadda ake bukata, su taho, zai sa a shirya.

Muna isa mararraba, jini ya riga ya fara fita ta bakin Malam Nomau. Hagu garinmu ne, minti ashirin. Dama ƙetaren kogi, awa biyu ba kaɗan. Duk motar ta ce hagu. A daidai lokacin babban ɗan Malam Nomau ya kira daga birni, domin labari ya kai masa. Ya ce, "Baba Jatau, ku kai shi asibiti mafi kusa. Idan kuka wuce da shi ya cika a hanya, kai zan riƙe." Malam Jatau ya ce, "Ka riƙe ni, ɗana." Ya juya ga direba ya ce, "Ɗan'azumi, gado za mu samu a garinmu, ba magani ba. Kafin su rubuta mana takardar turawa, awa ta tafi. Bi dama." Ɗan'azumi ya karya kan motar dama. Duk tafiyar nan salati ake ta yi. Wasu ko kallon Malam Jatau ba sa yi. Shi kuwa yana ta kiran mai ɗakin maganin yana faɗa masa inda muka kai. Muna tsayawa a ƙofar asibitin muka tarar da keken marasa lafiya da ma'aikata biyu suna jira.

Wannan kuma aikin Malam Jatau ne.

Malam Nomau ya kwana goma sha ɗaya a asibiti, Allah ya tashi kafaɗarsa. Likitar da ta duba shi ta ce da an tsaga ƙafar nan, da jininsa ya ƙare kafin a kai titi. Ta ce da an ƙara awa biyu a daji, da ko allurar ba ta yi amfani ba. Ta kuma ce da an tsaya da shi inda babu allurar, da sai dai a kawo musu gawa. Ranar da ya fara gane mutane, Hajiya Yalwa ya fara nema. Ya ce mata, "Hajiya, maganar da na faɗa miki a daji, na janye ta. Ke ce za ki yafe mini." Ta ce ita ba ta riƙe shi da komai ba. Ɗansa kuwa har gida ya je ya durƙusa wa Malam Jatau.

Sai dai ƙafar ba ta koma kamar da ba, kuma jinin da ya rasa ya rage masa ƙarfi. 'Ya'yansa suka haɗu suka ce ba zai ƙara zama shi kaɗai ba, zai koma birni wajen babbar 'yarsa. Bai yi musu ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai.

Malam Nomau yana da lambu a bayan gari, wajen tsohuwar mayanka. Ba lambun tumatir da albasa ba ne. Shekara talatin ya yi yana tara irin itatuwan da suke ɓacewa a ƙasarmu yana shukawa a ciki: maɗaci, kaɗanya, ɗinya, gawasa, taura, tsada, da wasu da ko sunansu jikokinmu ba su taɓa ji ba. Akwai rijiya ɗaya a tsakiya. Gari ya riga ya matso, gidajen bulo sun kewaye shi ta gefe uku, dillalai kullum suna zarya. 'Ya'yansa suka ce su ba za su iya kula da shi daga nesa ba, kuma sun amince ya bayar da shi kyauta tun yana raye ga duk wanda ya ga dama.

Muka ce ya ba makaranta. Ya ce makarantar ba ta da suna a takarda, kuma ya ga yadda gandun gwamnati suka ƙare, kowa yana jiran wani ya yi ban ruwa. Muka ce ya raba wa mutum ukun. Ya ce rijiya ɗaya ce, kuma idan aka yanka shi uku, magada za su sayar da yanki-yanki, cikin shekara biyar ya zama shaguna. Dagaci ma ya ce idan ana son abin ya tsaya, suna ɗaya za a rubuta, da sharaɗin ba za a sare ko bishiya ɗaya ba. Malam Nomau ya ce to zai ba wanda ya fi taimakawa wajen ceton ransa a ranar nan a cikin su ukun. Ya kira su lambun, ya faɗa musu, ya ce kowa ya faɗi gaskiyar zuciyarsa, ba ya son kara.

Hajiya Yalwa ta ce ita ba ta san itatuwa kamar Sufeto ba, amma ta iya riƙon abu, kuma tana so. Idan ya zama nata, za ta buɗe ƙofa ta wajen unguwa, matan da ke jin nauyin zuwa bayan ofishin hakimi su riƙa zuwa karatu a inuwar.

Sufeto Barau ya ce shi ba zai ɓoye ba, babu abin da ya taɓa so a duniya kamar wurin nan. Ya san kowace bishiya da ranar da take son ruwa. Ya ce gaskiya ne yanzu ba ya iya jan guga, amma yana iya zama ya nuna.

Malam Jatau ya ce shi har yanzu yakan rikita ɗinya da kanya, amma gidansa ne mafi kusa, kullum zai iya zuwa. Ya ce ya riga ya fara ɗaukar hoton itatuwan ɗaya bayan ɗaya tare da muryar malamin tana bayani, kuma ya san mutanen da zai kira duk ranar da wani ya zo da gatari.

Malam Nomau ya saurare su, ya ce ba wannan ya tambaya ba, ko da yake ya ji daɗin ji. Shi abin da ya gagare shi shi ne ranar Dutsen Kurciya. Idan ya kwanta ya tuna wadda ta ƙwace rezar ta haɗiye muguwar kalmarsa, sai ya ce ita ce. Idan ya ga Sufeto yana jan sanda, sai ya ce wannan ya biya da jikinsa, kuma har ya mutu yana biya. Idan ya tuna mararraba, sai ya ce mutum goma sun ce hagu, da ɗan cikinsa, mutum ɗaya ya ce dama.

Ya kawo maganar makaranta, mu ma muka rabu uku. Masu goyon Hajiya suna cewa ita ce farko, da ba ta hana reza ba babu wanda za a ɗauka, babu wanda za a kai asibiti. Masu goyon Sufeto suna cewa hani da baki ne, waya da yatsa ce, amma nisa sai da ƙafa aka ci shi, kuma shi kaɗai ne ya fita da tabon da ba ya warkewa. Masu goyon Malam Jatau suna cewa sauran biyun jinkirta mutuwa suka yi, allura ce ta kore ta, kuma shi ya nemo ta, shi ya kawo motar. Tsohon alƙalinmu ma da aka matsa masa ya ce ya yanke shari'u da yawa, amma wannan a ba shi lokaci. Asabar uku muka yi ba a yi darasi ba sai wannan gardama. Su ukun kuwa ba sa sa baki, tare suke zuwa lambun da yamma, Hajiya da Malam Jatau suna jan ruwa, Sufeto yana zaune a kan kututture yana nuna musu inda za su zuba.

Bayan Babbar Sallah motar 'yarsa za ta zo ta ɗauke shi. Takardar kyautar tana hannun dagaci, an rubuta komai, shaidu sun sa hannu, gurbin suna kawai aka bari.

To, ga ku nan, kun ji abin da kowa ya yi da abin da ya jawo masa. Tsakanin Hajiya Yalwa da Sufeto Barau da Malam Jatau, sunan wa ya cancanta a rubuta a gurbin nan?